Yadda Muka Gina Rumfa a Bayan Gidanmu a Kaduna, Daga Takarda Har Rufi

Tun da muka gama rumfar bayan gidanmu a farkon shekarar 2025, da wuya baƙo ya zauna a ƙarƙashinta bai tambaye ni abu biyu ba: nawa ta ci, kuma wa ya yi aikin. Ina ba su amsa, amma ba daga nan maganar ta fara ba. Wanda zai kafa rumfa a garin Kaduna, kafin ya tambayi farashin siminti ko ya kira mai walda, abin da ya kamata ya fara sani shi ne inda ruwan saman da zai sauka a kan rufin zai bi, da kuma ta inda iska za ta buge shi. Duk sauran abin, tun daga tsayin ginshiƙi har irin tayil ɗin da za a shimfiɗa, a kan wannan yake tafiya. Na ga rumfunan da aka kashe wa kuɗi masu yawa amma ba a iya zama a cikinsu da damina, na kuma ga wadda iskar farkon damina ta ɗauke ta sauke a gidan maƙwabta. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda tamu ta kasance daki-daki, ko wani zai huta da ruɗanin da na shiga a farko, lokacin da kowa na faɗa mini nasa.

Gidanmu na wajen Unguwar Dosa ne, gida mai ɗaki uku da falo, da fili a baya wanda daga bangon kicin zuwa katanga ya kai mita 7. Shekara da shekaru filin nan ba ya wani amfani sai shanya da tara tarkace. Da bazara, wato Maris da Afrilu, ko takalmi ka bari a wurin sai ya yi zafin da ba ka iya sa shi. Da damina kuwa jar ƙasar nan ta zama taɓo, yara su kwaso shi har falo. Abin da ya tayar da maganar shi ne dawowar mahaifiyata wurinmu. Hajiya ta saba da tsakar gida irin ta da, inda mutum zai shimfiɗa tabarma ya ja carbinsa yana ganin shige da ficen gida, sai ga ta a ɗaki daga safe har dare, ga ciwon gwiwa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma rashin ƙorafin ne ya fi damuna.

Abu na farko da na yi ko sisi bai ci ba. A watan Satumbar 2024, lokacin da ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya, duk ranar da hadari ya haɗo ina gida sai in ɗauki lema in tsaya a bayan gida in zuba ido. A nan na ga ruwan rufin gida yana sauka ne daidai ƙofar kicin, ya haƙa ɗan kwari, ya gangara ya taru a kusurwar kudu kusa da murfin sokawe, sai ya kai idon sawu kafin ya samu hanyar fita ta wata 'yar kafa a ƙasan katanga. Na kuma lura da abin da kowa ya sani amma ake mantawa ranar gini: hadarinmu daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, don haka duk ɓangaren da ya buɗe wa gabas zai sha feshi. Yamma kuma tata matsalar ita ce rana, daga azahar har kusan magariba. Na ɗauki hoton wuraren da ruwa ke kwanciya da waya, na sa duwatsu a matsayin alama. Idan ka bari sai rani ka fara tunanin rumfa, ƙasa ta bushe, ko'ina zai yi maka kama da shimfiɗaɗɗe.

Daga nan sai shawarar cikin gida. Ni da farko so na yi a rufe filin gaba ɗaya har katanga. Uwargida ta ce a'a, a bar mata gefe guda a buɗe saboda murhu, don ranar suna ko babbar sallah da icce ake girki, hayaƙi kuwa in ya samu silin sai ya mayar da shi baƙi ƙirin. Hajiya kuma magana ɗaya ta yi: "Kai dai ka bar mini inda zan ɗaga kai in ga sama, kada ka mayar da ni wani ɗakin." Da wannan muka tsaya a kan mita 6 a tsaye, mita 4 a kwance, manne da bangon kicin, aka bar mita 3 tsakanin bakin rumfa da katanga, bishiyar mangwaron da ke kusurwa ma ba a taɓa ta ba. Wanda zai yi irin wannan aiki ya saurari matan gida da kyau, su ne za su wuni a wurin.

A nan ne masu ba da shawara suka yi yawa. Wani ya ce rumfa ce kawai, kira kafinta ya buga maka katako a bango a gama a yini biyu. Wani ya ce zuba dakin, wato rufin kankare, za ka yi, ko nan gaba ka ɗora bene. Na zaɓi in biya wani injiniyan gini da muke sallah a masallaci ɗaya ya zo ya duba, kuma a duk kuɗin da na kashe babu wanda ya fi wannan albarka. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bangon kicin, ya ce bulon inci 6 ne, kada a ɗora masa nauyin rufi. Rumfar ta tsaya da ƙafafunta: ginshiƙi shida na bututun ƙarfe, uku a jikin bango, uku a waje. Ya ce nauyin kwano ba shi ne abin tsoro ba, abin tsoron shi ne iskar da ke shiga ta ƙasa ta ɗaga rufin sama, tunda rumfa ba ta da bangon da zai tare ta. Saboda haka gindin kowane ginshiƙi sai an binne shi a kankare mai nauyi. Ya hana a kusanci murfin sokawe, domin wata rana mota za ta zo kwasa. Sannan ya yi mini wani lissafi da ya zauna mini a kai: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Rumfarmu murabba'in mita 24 ce, ke nan ruwan dare ɗaya mai milimita 30 zai tara lita 720, ban da na rufin gidan da zai sauko a kanta. "Alhaji," in ji shi, "wannan ruwan ko ka yi masa hanya, ko ya yi wa kansa." Shi ya haɗa ni da mai zanen gine-gine, suka fitar da zane mai nuna gidan yadda yake da ƙarin da za a yi, da hatiminsu a kai.

Kafin in je kowane ofis, gidan maƙwabcina na fara shiga, dattijo ne ɗan fansho wanda katanga ɗaya ta raba mu ta kudu. Bayan sallar isha'i na same shi da zanen a hannu, na ce, "Baba, aiki zan yi a baya, na ce ba zan sa diga ba sai kun gani." Na nuna masa cewa gangaren rufin cikin gidana yake kallo, ko ɗigo ba zai faɗa masa ba, kuma masu rufi za su hau sama na 'yan kwanaki, a sanar da iyalinsa saboda tsakar gidansu za ta bayyana. Ya ji daɗin wannan ƙwarai. Shi ne ma ya tuna mini hadisin Abu Huraira da ke cewa kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, ya ce in ina bukatar jingina da katangar in jingina. Ban bukata ba, amma na fito da sanyin zuciya. Rigingimun da ake kaiwa gaban mai unguwa a kan gini, da yawansu a kan ruwan indararo ne da leƙen gida, kuma sallama ɗaya kafin a fara aiki tana kashe su.

Sai batun izini, wanda shi ne ya fi ruɗa ni, domin mutane da dama sun ce ba a neman izini a kan rumfa. Amma duk mazaunin Kaduna ya ga yadda aka yi ta shafa jan fenti a bango ana rushe gine-gine marasa takarda tsakanin 2015 da 2023, ni kuwa ba na son in kwana da fargaba a kan abin da na gina da gumina. Na je hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, da kaina, ban bi ta hannun ɗan tsakiya ba. Na yi wa jami'in da na samu bayani, ya duba zanen ya ce tunda akwai tushe na kankare kuma ƙari ne a jikin gida, to a shigar da shi a matsayin ƙarin gini. Abin da aka nema a wurina: kwafin takardar mallakar fili, zanen gidan na asali da aka amince da shi, sabon zane mai hatimi, shaidar biyan haraji, katin shaida da hotuna. A nan aka tambaye ni rasit na kuɗin ƙasa na shekara-shekara, sai da na je ofishin KADGIS da ke kan titin Ali Akilu, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye, na biya abin da ya taru a kaina na karɓi shaida. Kuɗin izinin an lissafa mini shi a rubuce, na biya ta banki a asusun gwamnati, na dawo da rasit aka sa a fayil. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu, ko da a bakin ƙofa ya tare ka ya ce zai gaggauta maka. Bayan haka jami'ai suka zo gida da tef, suka auna tazarar da ke tsakanin rumfa da katanga, suka duba hanyar ruwa, suka tafi. Jiran fitowar takarda ya ɗauki makonni, kuma ba zan ɓoye ba, na ƙagu, musamman da nake ganin farashin kaya na motsi. Abin da ya taimake ni shi ne na riƙe kwafin kowace takarda a jaka guda, da lambar fayil a waya, duk lokacin da na leƙa ba a ɓata lokacin nema. Wanda ke son ya yi gini da rani, ya fara neman takarda tun ruwa bai ɗauke ba.

Lokacin jiran ban zauna ba, na shiga kasuwa jin farashi. Ƙarfe a Panteka na saya, inda duk wanda ke Kaduna ya san nan ne matattarar maƙera da masu walda da masu sayar da kayan gini. Shawarata, kada ka je kai kaɗai in ba ka san ƙarfe ba. Bututu biyu za ka gani masu faɗin inci 3, fenti ɗaya, tsayi ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya kauri nesa ba kusa ba, kuma sai ka leƙa bakinsa ko ka ɗaga ka ji nauyi za ka gane. Injiniya ya zo da ɗan ma'aunin kauri a aljihu, duk wanda za mu ɗauka sai ya matse bakinsa ya karanta. Mun yi maganar katako ma, domin ya fi araha, amma gara ta riga ta cinye mini ƙyauren sito a gidan nan, don haka na tsaya a kan ƙarfe har sama. Wanda zai yi da katako, ya tabbatar busasshe ne, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora, kuma kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Siminti kuwa tun farkon 2024 da buhu ya tashi daga wajen naira 5,000 ya haura 10,000 bai koma gidan jiya ba, a kusan 10,000 na saye shi. Ban tara shi da wuri ba saboda yana daskarewa in ya daɗe, sai ana gobe za a fara aiki aka kawo, aka jera a kan katako a cikin sito. Yashi da tsakuwa rabin tifa-tifa suka ishe ni. A kula da yashin, a damƙa a hannu: in ya bar jan shafi a tafin hannu, ƙasa ta yi masa yawa.

Ma'aikata kashi huɗu ne: birkila da leburorinsa, mai walda, masu rufi, sai mai wayarin da mai tayil daga baya. Da kowannensu jinga muka yi, ba kuɗin yini ba, kuma muka rubuta a takarda, injiniya ya sa hannu a matsayin shaida. Na raba biyan gida uku, kafin alƙalami kaɗan, kaso na biyu in aiki ya kai rabi, ciko in an gama an duba. A kan masu rufi na ƙara sharaɗi ɗaya, cewa zan riƙe kashi 10 cikin 100 har sai ruwan farko ya sauka. Ogansu ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da mu ba ne?" Na ce yarda ce ta sa na kira shi, amma rufi ba a shaidarsa da rani. Ya yi dariya ya amince. Kayan aiki ni na riƙa sayowa da kaina, su aikin hannunsu kawai na biya. Ya fi wahala, amma ka san abin da ya shiga gininka.

A cikin Janairu, da sanyin hunturu, aka fara. Birkilan dattijo ne mai haƙuri. Ya buga turaku ya ja igiya, ya auna kusurwa da kusurwa har sai da tsayin biyun ya zo daidai, sannan ya ɗauko wani siririn tiyo fari mai ruwa a ciki. Yaronsa ya riƙe baki ɗaya a jikin bango, shi ya riƙe ɗayan a kan turke, suka jira ruwan ya daina rawa, kowa ya ja layi da fensir a inda ya tsaya. Da wannan tiyon ya fitar da gangaren daɓen, santimita 2 a kowace mita, daga bango zuwa waje, kuma ya sa daɓen ya zauna ƙasa da dokin ƙofar kicin da kamar faɗin tafin hannu, yadda ko an yi ambaliya ruwa ba zai shiga ɗaki ba. Kafin a haƙa ramuka sai da muka bi sawun bututun da ya fito daga kicin zuwa sokawe, aka tona a hankali da shebur aka gan shi, aka kauce masa. Ramin kowane ginshiƙi santimita 60 ne ta ko'ina. Aka zuba kankare, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, aka dasa faifan ƙarfe mai noti a kai, ya ɗan ɗara daɓe tsayi don kada gindin bututu ya riƙa zama cikin ruwa ya yi tsatsa. Ranar zuba kankare ka tsaya a wurin da kanka, ka ƙirga baro. In ka juya baya, yashi ƙaruwa yake yi.

Hunturu na da daɗin aiki tunda babu ruwan da zai tsayar da kai, amma busasshiyar iskarsa na shanye ruwan kankare kafin ya yi ƙarfi, sai ka ga ya tsattsage. Birkila ya ce a lulluɓe shi da tsofaffin buhuna a riƙa jiƙawa safe da yamma har mako guda, kuma cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28. Wannan aikin yarana na ba, kafin su tafi makaranta da bayan sun dawo daga Islamiyya. Mai walda ya so ya ɗora ƙarfe tun a rana ta uku saboda yana da wani aikin a gaba, na ba shi haƙuri ya jira. Da ya zo, da janaretonsa ya zo, kuma man fetur a kaina yake. A sa wannan a lissafi tun farko, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma wutar gari ba a dogara da ita a aikin walda. Ginshiƙan jikin bango mita 3 ne, na waje mita 2.4, bambancin shi ne gangaren rufi. Duk inda aka yi walda sai da aka kankare dattin aka shafa jan fentin hana tsatsa kafin fentin ado, kuma tun ƙarfen na ƙasa aka shafe shi, don in kwano ya hau akwai wuraren da buroshi ba zai ƙara kaiwa ba.

Kwano shi ne inda na ga abin da ya ɓata mini rai. Na zaɓi dogon kwanon alminiyam, wanda ake yanka maka daidai tsayin rufinka, babu haɗi a tsakiya, kuma na biya kuɗin mai kaurin milimita 0.55 a wani wurin buga kwano da ba zan ambaci sunansa ba. Da mota ta kawo, kafin a sauke na kira injiniya. Ya sa ma'auni, sai ga 0.45. A ido ba za ka taɓa bambancewa ba. Direba ya ce shi aike ne, na ce to a mayar da aiken. Da yake an rubuta kaurin a jikin rasit, ba a yi doguwar jayayya ba, suka ce kuskuren ma'aikata ne, aka sauya, amma aiki ya tsaya kusan mako guda, masu rufi suka tafi wani wurin sai da na yi ta kira. Duk abin da ka saya, a rubuta maka kauri da tsayi da adadi a rasit, kuma a auna kafin a sauke daga mota. Wajen ɗaurawa, da noti mai roba a wuya aka ɗaure, ba ƙusa ba, kuma a layin bakin rufi, inda iska ke fara kamawa, kowane tudu sai da aka sa masa. Mahaɗar sabon rufi da bango ita ce wuri mafi wuyar sha'ani. An tsaga bangon da injin yanka, aka cusa bakin wani lanƙwasasshen kwano a ciki, aka toshe da siminti, ɗaya bakin ya kwanta a kan rufin rumfa. A ƙasa aka sa kwararon ruwa mai faɗi wanda ya kai ruwan cikin tankin roba mai lita 2,000, in ya cika rarar ta bi bututu ƙarƙashin ƙasa zuwa kwatar bakin titi.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Mai wayarin ya ja waya a cikin bututun roba, fanka biyu, ƙwai uku, da soket mai murfi a sama da inda feshi ke kaiwa. Aka sa silin na roba, wanda in babu shi zafin kwano da tsakar rana zai kore ka. Tayil mai kaushi muka shimfiɗa saboda Hajiya da alwala, mai sheƙi in ya jiƙe tarko ne ga tsoho da yaro. Ta gabas aka ja ɗan gajeren bango iya ƙugu, da bulo mai huda a samansa, yana rage feshi iska kuma na wucewa. Aka gama ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi, wanda ya kama ranar 1 ga Maris. A nan muka yi buɗa-baki wata guda cur, Hajiya a kan dardumarta ta jingina da bango, kuma tun daga lokacin in ka shigo gidan da rana a nan za ka same ta.

Jimillar abin da na kashe ya ɗan haura naira miliyan 2. Ƙarfe da walda su suka fi cin kuɗi, sai siminti buhu 30 da 'yan kai tare da yashi da tsakuwa, sai kwano, sai tayil da silin. Zane da izini da kuɗin injiniya gaba ɗaya ba su kai abin da na kashe a tayil da silin ba, don haka wanda ya ce zai tsallake su don tsimi, bai tsimi komai ba. Abin da ya ɗaga lissafina sama da yadda na tsara ƙananan abubuwa ne da ba a rubutawa: kuɗin dako, man janareto, abincin ma'aikata, kwashe ɓaraguzai, ruwan da aka saya wurin 'yan garuwa ranar zuba kankare. A ware musu aƙalla kashi 15 cikin 100. In kuɗin bai kai a yi duka a lokaci guda ba, a fara da tushe da ƙarfe da rufi a yi su da kyau, tayil da silin da fanka su jira wata shekara. Su ana iya ƙara su kowane lokaci, amma tushen da aka yi wa rowar siminti sai an fasa.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo a ƙarshen Afrilu da dare, da irin iskar nan mai tayar da ƙura kafin a fara yayyafi. Na fito da tocila gabana na faɗuwa. Rufin bai ko motsa ba, ruwa na ta kwarara cikin tanki, amma a kusurwar arewa, daidai mahaɗar bango, na ga ɗigo yana bin silin. Da safe na kira ogan masu rufi, kafin azahar ya iso da tsani, ya gano inda simintin toshiyar ya tsage, ya gyara. Da aka sake yin ruwa biyu ban ga komai ba, na kira shi na ba shi cikon kuɗinsa har da ɗan ƙari. Yanzu abin da rumfar ke nema a wurina kaɗan ne: kafin damina in sa a hau a kwashe ganyen mangwaro daga kwararo, a bi notuna a ƙara ɗaure wanda ya saki, a duba gindin ginshiƙai ko tsatsa ta fara. Abin da ya rage ban yi ba shi ne ragar sauro, domin daga magariba a watan Agusta zama na gagara sai da maganin sauro. Na riga na sa mai walda ya auna, firam ɗin da za a iya cirewa da rani nake so, kuma shi nake tara wa kuɗi yanzu.